Lafiyar da ke Cikin Tukunya: Jawabi a kan Abincin Gona da Maganin Kwalba



Ranka ya daɗe Mai Gari, Allah gafarta Malam Liman, iyayena ungozomomi, magidanta, yayyena da ƙannena mata, waɗanda suka taso daga ɓangaren Katsina da waɗanda suka ƙetaro daga ɓangaren Maraɗi, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro gida lafiya. Na san wasunku sun bar sussuka, wasu sun bar hatsi a turmi, saboda haka ba zan riƙe ku fiye da kima ba. Ni ma'aikaciyar lafiya ce ta karkara, aikina awon ciki da awon yara da rigakafi, kuma abin da nake gani a wurin aikin nan shi ya sa na nemi a ba ni wannan dama.

A daminar da ta wuce wata baiwar Allah ta kawo mini ɗanta mai wata 14. Yaron ya yi fari fat. Na duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa, babu alamar ja. Da ta buɗe jakarta domin ta ɗauko katin awo, sai na hangi kwalabe uku na abin da mai tebur a kasuwa ya ce mata bitamin ne. Ɗaya wa'adinta ya wuce, ɗaya kuma an yi rubutun jikinta da harshen da ni da ita babu mai iya karantawa. Na tambaye ta inda ta sami kuɗin saye. Ta ce ta sayar da tiya biyu ta wake, ta haɗa da cinikin dafaffen zogalen da 'yarta ke kaiwa talla. Na ce to shi yaron me yake ci? Ta ce kunun gero tsararo, safe da yamma.

Jama'a, ku dubi wannan lamari. Abin da jinin yaron ke nema ya fita daga gidan a kan tire, kwalba ta shigo a madadinsa. Ban ga laifin uwar ba, domin ƙauna ce ta sa ta yi haka, kuma babu wanda ya taɓa zama ya yi mata bayani. Muka yi wa yaron gwaji muka sami zazzaɓin cizon sauro, muka yi masa magani, muka ba shi na tsutsar ciki da na ƙarin jini bisa ƙa'ida, sannan muka zauna da ita a kan yadda za ta gyara masa kunu. Allah cikin ikonsa yaron ya farfaɗo. Tun daga ranar na ƙudurta cewa duk inda na sami taro irin wannan sai na yi wannan bayani.

Mene ne bitamin da ma'adinai?

Abincin da jiki ke buƙata kashi uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar gero da dawa da masara da mai. Akwai mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da nono da ƙwai da nama. Sannan akwai mai kare jiki da gyara aikinsa, wato bitamin da ma'adinai. Wannan kashi na uku kamar gishiri yake a miya: kaɗan ake buƙata, amma ranar da babu shi kowa sai ya sani. Mutum yana iya cika cikinsa da tuwo kullum, ya ce ya ƙoshi, alhali jininsa da idonsa da ƙashinsa suna fama da yunwa. Ita ce ake kira ɓoyayyiyar yunwa.

Yana da kyau mu san cewa a cikin abinci aka fara gano bitamin. A shekarun 1890, a tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya ta yanzu, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Christiaan Eijkman ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa wadda aka cire wa dusa ƙafafunsu na shanyewa, idan kuma aka mayar musu da shinkafa mai dusa sai su miƙe. Daga nan aka gane akwai wani abu a cikin dusa da jijiyoyi ba sa iya aiki sai da shi, wanda yau ake kira bitamin B1. Sunan bitamin kansa sai a 1912 aka ƙirƙiro shi. Ƙwayar da ke cikin kwalba daga baya ta zo, kwaikwayo ce ta abin da Allah ya riga ya ajiye a cikin tsiro.

Abin da ke ƙara jini

Babbar matsalar da muke gani a wurin awo ita ce ƙarancin jini. Alamominsa su ne kasala, jiri, haki bayan ɗan aiki, bugun zuciya, da fari a tafin hannu da harshe. Jiki na haɗa jini da wani sinadari da ake kira sinadarin ƙarfe, tare da wani bitamin mai suna folik asid. Mace mai ƙarancin jini idan ta zo haihuwa, zubar jinin da wata za ta jure ita tana iya kai ta lahira. Yaro mai ƙarancin jini kuwa girmansa da fahimtarsa ne ke raguwa, kuma abin kan bi shi har makaranta.

A cikin amfanin gona, sinadarin ƙarfe yana cikin wake, gurjiya wadda wasunmu ke kira kwaruru, daddawa, riɗi, gero, da ganyaye irin su zogale, kuka, alayyahu, rama, tafasa da gasaya. Folik asid kuma ya fi yawa a wake da gyaɗa da koren ganye. A 2018 masu binciken noma na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, tare da takwarorinsu na Nijar, sun fitar da wani irin gero mai suna Chakti wanda ya fi geron da muka saba yawan sinadarin ƙarfe. Manomi na iya tambayar malamin gona game da shi.

Sai dai akwai gaskiyar da ba zan ɓoye muku ba. Sinadarin ƙarfe na tsiro ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama da hanta da kifi. Yana da abokin tafiya, yana kuma da mai tare masa hanya. Abokin tafiyarsa shi ne bitamin C. Idan kika matsa lemun tsami a kan wake ko kwaɗo, ko kika yanka ɗanyen tumatir a kai, ko aka ci gwaba bayan abinci, jiki zai ɗebi fiye da abin da zai ɗiba in babu su. Ɗan busasshen kifi ko ɗan nama a miya shi ma yana taimakawa, ko da kaɗan ne. Mai tare hanyar kuwa shayi ne da kofi. 'Yan'uwana maza, na san zaman shayi ba ya saɓuwa, ban kuma ce ku bari ba. Roƙona shi ne a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin cin abinci da shan shayi, musamman ga mai ciki da mai shayarwa, kuma kada a ba ƙananan yara shayi a matsayin karin kumallo.

Abin da ke kare ido

Iyayenmu sun san dundumi, ciwon da ke sa yaro ko mai ciki su kasa gani da zarar magariba ta yi. Rashin bitamin A ke kawo shi. In aka yi sakaci ido kan bushe, daga nan ya lalace, makanta ta biyo baya. Yaron da ba shi da isasshen bitamin A kuma ƙyanda da gudawa sun fi yi masa illa.

Tsiro na ɗauke da wani sinadari mai suna karotin, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A gwargwadon buƙatarsa. Gane shi ba wuya, launi ne ke nunawa. Duk abin da cikinsa ya yi ruwan ɗorawa ko ruwan goro, kamar kabewa, karas, nunannen mangwaro, gwanda, manja da dankalin Hausa mai jan ciki, yana da shi. Duk ganyen da ya yi kore shar, kamar zogale da alayyahu da lalo da yaɗiya, shi ma yana da shi. Sharaɗinsa ɗaya ne, sai da maiƙo yake shiga jiki. A nan ne za ku ga hikimar kakanninmu: wadda ta fara haɗa zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai ta yi kwaɗo ba ta shiga ajin kimiyya ba, amma abin da ta haɗa daidai yake da abin da aka koya mana a makarantar jinya. Haka dambun zogale da miyar taushe mai kabewa da gyaɗa.

Ƙashi, haƙori da fata

Ƙashi da haƙori da sinadarin kalsiyam ake gina su. Wani bincike da likitoci suka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe a can, babban abin da ya rage musu shi ne kalsiyam a cikin abinci, kuma da aka ba su shi ƙashin ya gyaru. Mu rana ba ta yi mana ƙaranci ba, ita ce ke sa fata ta haɗa bitamin D, amma kalsiyam sai an ci shi. Bayan nono da kindirmo, ana samunsa a garin kuka, zogale, riɗin da ba a cire wa ɓawo ba, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. Miyar kukar da wasu ke rainawa suna cewa miyar talaka, tana cikin miyar da ta fi kowace amfani a ƙasar nan. Mutanen Mirya ta jihar Damagaram da suka riƙi itacen kuka kamar gona sun san abin da suke yi. Ita kuma matar da ke cikin kulle da jaririnta, su riƙa fitowa tsakar gida suna samun hantsi.

Bitamin C, ban da taimakon jini, shi ke sa rauni ya warke, dasashi ya daina zubar jini. Gwaba ta ninka lemon zaƙi sau uku ko fiye a yawansa, ƙwaya ɗaya ta ishi babban mutum a yini. Farin garin 'ya'yan kuka, magarya, tattasai, tumatir da lemun tsami duk suna da shi. Akwai kuma sinadarin zinki mai taimakon girman yaro da garkuwar jikinsa, ana samunsa a wake, gyaɗa, riɗi, 'ya'yan kabewa da gero.

Inda muke asara a madafa

Sau da yawa abincin na nan a gida, amma amfaninsa kan zube tsakanin turmi da tukunya. Ga wurare shida da ya kamata mu gyara.

Na farko, surfe. Yawancin bitamin da ma'adinan hatsi suna jikin dusa da idon ƙwaya. Idan aka surfa gero har ya yi fari tas, aka wanke shi sau da yawa, akuya ce ta ci riba. A sassauta surfe, kada a nemi fari fiye da kima.

Na biyu, jiƙo. Hatsi da wake suna da wani sinadari da ke riƙe ƙarfe da zinki ya hana su shiga jiki. Jiƙa wake ya kwana kafin a dafa, da barin gasara ko ƙullu ya yi tsami kamar yadda ake yi wa koko da waina, suna rage ƙarfin wannan sinadari. Wannan ma gadon iyaye ne, kada gaggawa ta sa mu yar da shi.

Na uku, kanwa. Tana sa wake ya nuna da wuri, tana sa miya ta yi yauƙi, amma tana kashe bitamin C da bitamin B1. Waken da ya kwana a ruwa ba ya buƙatar kanwa mai yawa. A rage ta iya yadda za a iya.

Na huɗu, dahuwar ganye. A wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a yanka shi, domin in an yanka sannan aka wanke, amfanin na bin ruwan. A dafa da ruwa kaɗan, a rufe tukunya, a sauke tun yana kore. Ganyen miya a zuba shi daga ƙarshe. Ruwan da aka dafa zogale ko alayyahu da shi a sa a miya maimakon a kwarara shi a rariya.

Na biyar, shanya. Rana mai zafi na cinye karotin. Kuka da zogale da rama a shanya su a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙura da kaji. Ganyen da ya bushe yana kore ya fi wanda ya koma ruwan ƙasa. A adana garin a mazubi mai murfi.

Na shida, tsabta. Latas, kabeji, karas da tumatir da za a ci ɗanye, a wanke su sosai da ruwan da aka amince da shi, domin gudawa ɗaya na iya zubar da abin da aka yi mako ana tarawa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna kuwa a zubar, suna ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi.

Me ya sa abinci ya fi kwalba?

Dalili na farko, abinci ba ya zuwa da abu ɗaya. Kwanon wake da zogale na ɗauke da abin gina jiki, da ƙarfe, da folik asid, da karotin, da harzar da ke hana taurin bayan gida, duk a lokaci guda. Ƙwaya kuwa abin da aka zuba mata kaɗai take da shi, kuma ba ta maganin yunwa.

Na biyu, da wuya mutum ya wuce kima ta hanyar abinci, amma ta hanyar ƙwaya abu ne mai sauƙi. Bitamin A da D suna taruwa a jiki, ba sa fita da fitsari. Bitamin A na ƙwaya in ya yi yawa ga mace a farkon ciki yana iya nakasa abin da ke cikinta, alhali karas da kabewa ba sa yin haka. Ƙwayoyin ƙarin jini in ƙaramin yaro ya same su ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi, don haka a ajiye su inda hannunsa ba ya kai. A ƙasar Finland an taɓa yin gwaji a kan maza masu shan taba sama da 29,000, aka ba wasu ƙwayar karotin na tsawon shekaru da zaton za ta kare su daga sankarar huhu. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga cutar ta fi yawa a cikin waɗanda suka sha ƙwayar. Abin da ke da amfani a cikin ganye, da aka ware shi aka ninka, sai ya zama wani abu dabam.

Na uku, ba duk abin da aka kira bitamin ba ne bitamin. Maganin da ke yawo a tebur da bayan babur, yana shan rana daga wannan kasuwa zuwa waccan, yana ƙetare iyaka babu mai duba shi, ba wanda zai ba ku tabbacin abin da ke cikinsa. Wasu ƙwayoyin da 'yan mata ke sha domin ƙiba, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, magunguna ne masu ƙarfi na wasu cututtuka. Kumburi suke sawa, suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari, suna kuma raunana ƙashi da garkuwar jiki.

Na huɗu, kuɗi. Ko da naira kike ciniki ko da sefa, ki auna kuɗin kwalba ɗaya da yawan wake da gyaɗa da ganyen da zai saya. Har zogalen da ke bayan ɗakinmu yanzu ana ɗura garinsa a ƙwanso ana sayar mana da tsada. Zogale abinci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon sukari, kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye saboda shi. Mai ciki kuma ta tsaya ga ganyen, ta nisanci saiwa da ɓawon itacen.

Inda ƙwaya ta zama dole

A nan ina roƙon ku ƙara kasa kunne, kada wata ta koma gida ta ce malamar asibiti ta ce a daina shan magani. Akwai lokutan da abinci shi kaɗai ba ya isa.

Mai ciki jininta na ƙaruwa, tana kuma gina na wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kowace rana har ta haihu. Su ne ƙwayoyin da ake ba ku a wurin awo. Lakar gadon bayan jariri na haɗuwa cikin kwana 28 na farkon ciki, tun kafin mace ta tabbatar tana da shi, shi ya sa muke son a fara folik asid da wuri, in da hali tun ana niyyar ɗaukar ciki. Idan ƙwayar ta sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba cuta ba ce. Idan tana tayar da zuciya, a sha bayan abincin dare. Maganar da ake yaɗawa cewa tana sa jariri ya yi girman da zai gagari haihuwa ba ta da tushe.

Yara daga wata 6 zuwa wata 59 ana ɗiga musu bitamin A a baki duk bayan wata 4 zuwa 6, shuɗin ƙwanso ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya, ja ga waɗanda suka haura. Mu da ke bakin iyaka muna da abin lura a nan: in an ba yaro a wancan ɓangare kwanan nan, a faɗa wa ma'aikacin wannan ɓangare domin kada a maimaita kafin lokaci. Katin yaro da na awon ciki su riƙa tafiya tare da ku duk inda za ku.

Yaro mai gudawa ana ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. Yaron da tamowa ta kama, wanda ma'aunin damtse ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafunsa suka kumbura, kwaɗo da kunu ba za su fitar da shi ba. A kai shi asibiti a ba shi abincin nan na musamman mai gyaɗa, kuma magani ne nasa shi kaɗai, ba na rabawa da yayye ba, ba na kaiwa kasuwa ba.

Abubuwa biyu kuma tsiro ba ya wadatar da su. Na farko bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, sai a nono, ƙwai, kifi da nama. Don haka furar da aka dama da nono ta fi wadda aka dama da ruwa, ƙwan da kaza ta saka kuma a bar wa yaro da mai ciki rabonsu. Na biyu aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo da daƙushewar ƙwaƙwalwar jariri. Ƙasar nomanmu nesa take da teku, amfanin gonarta ba ya ɗauke da isasshe. Maganin wannan shi ne gishiri mai aidin, a adana shi a rufe, nesa da murhu da laima, a kuma yi amfani da shi kaɗan, domin babban mutum bai kamata ya wuce giram 5 na gishiri a yini ba.

A ƙarshe, ba kowane ƙarancin jini ne daga abinci ba. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya da sikila duk suna rage jini. Mai sikila bai kamata ya sha maganin ƙarfe ba sai da izinin likita. A zo a yi gwaji tukuna, sannan a san abin da za a sha.

Kunun yaro da kwanon gida

Jariri nonon uwa zalla yake buƙata har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata. Daga nan a fara ba shi abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kununsa ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali da sauri ba. A kan garin gero a ƙara garin soyayyen wake ko na gyaɗa, da ɗan garin zogale ko kuka, da ɗan mai. A ba shi sau 2 zuwa 3 a yini daga wata 6 zuwa 8, sau 3 zuwa 4 daga wata 9, tare da dakakken mangwaro ko gwanda ko kabewa a tsakani. A zuba masa a kwanonsa, a zauna da shi, domin in aka haɗa shi da manya kafin ya kai loma biyu an sihe kwano. Kada a ba ƙaramin yaro gyaɗa ko aya ƙwaya-ƙwaya, suna iya shaƙe shi.

Ga manya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. Ba ma'auni gare mu a madafa ba, don haka mu ɗauke shi kamar cikin tafin hannu sau biyar. Kuma kowane lokaci na shekara da rabonsa. Da damina ga tafasa, rama, yakuwa, lalo, gasaya da ganyen wake, wasu ma ba wanda ya shuka su. Da kaka ga wake, gyaɗa, riɗi, kabewa da zoɓo. Da ɗari ga kayan lambu, karas da tumatir da kabeji, ga magarya da tsamiya da 'ya'yan kuka. Da bazara ga mangwaro, ga kuma busasshen ganye da kauɗa da kuɓewar da aka tanada. Ba a fafe gora ranar tafiya, shanyar da za ta fisshe mu bazara da damina ake yin ta.

Magidanta, gare ku nake ƙarasawa, domin rumbu da cefane a hannunku suke. Idan kaka ta yi, kafin motocin 'yan kasuwa su kwashe wake da riɗi da gyaɗa, a ware na gida tukuna. Wanda ya tsaya ya ci tsire a kasuwa, ya tuna da wadda ke ɗauke da cikinsa a gida, ya riƙo mata ko da gwaba ce ko ɗan kifi. A ba mata izinin zuwa awo tun cikin yana ƙarami. Kowane gida ya dasa zogale biyu ko uku a inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, a kewaye su saboda awaki, kafin shekara ta zagayo za a fara tsinka. Kukar da ta tsiro a gona a bar ta ta girma.

Iyayena ungozomomi, ku ne mata ke jin maganarku fiye da tamu. Idan kun ga mai ciki ta yi fari, ko tana haki, ko ta ce ba ta gani da dare, ku turo mana ita a ranar. Idan kun shiga gidan mai jego, ku leƙa tukunyarta kamar yadda kuke duba cibiyar jariri.

Yanzu za mu koma gindin bishiyar can, inda aka hura wuta. Mun tanadi gero da wake da gyaɗa da garin zogale, za mu dama kunun tare, kowace uwa ta riƙe muciya da hannunta ta ga kaurin da ake nufi. Mai tambaya kuma ta same ni a can, wadda ta zo da kwalbar magani daga gida ta kawo mu duba tare.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya a ƙasashenmu biyu, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya, ya sa albarka a gonakinmu.